JAKARA: GAYYA AKE KIRANMU KO AIKIN TILAS?

Kowace shekara, da zarar hadari ya soma haɗowa daga gabas, sai mahukuntan Kano su tuna ashe akwai talakawa a gari. Sai a shiga rediyo ana shela, a ce jama'a su fito da shebur da manjagara a yashe magudanan ruwa, wai Gwamnati ita kaɗai ba za ta iya ba, sai an yi haɗin gwiwa da al'umma. Mu kuwa mu fito. Samarin unguwa su naɗe ƙafar wando su faɗa cikin lambatu, su kwaso baƙin taɓo da leda da mushen kaji su tara a bakin hanya. Wani babba ya zo cikin mota, ya karɓi shebur ya riƙe na minti biyu a ɗauki hotonsa, ya koma mota. Tarin nan ya kwana uku, ya kwana bakwai, ba tifar da ta zo kwashewa, har ruwan farko ya sauko ya mai da shi inda aka ciro shi.

To, 'yan'uwa talakawa, da ku 'yan kasuwa manya da ƙanana, wannan kalma ta haɗin gwiwa ita muke so mu tsaya a kanta yau, gama kalma ce mai kyau kuma ba mu yarda a lalata ta ba. Kada wani ya je ya ce mun ƙi a gyara Jakara. Wa ya fi mu bukatar gyaranta? Manya ba a bakinta suke kwana ba. Ba su ne sauronta ke ci ba, ba 'ya'yansu ke kwanciya da amai da gudawa ba, kuma in ta cika ta batse ba ɗakunansu take rushewa ba. Abin da muke tambaya shi ne, wane irin aiki ake kiranmu?

Bahaushe ya san gayya tun kaka da kakanni. Mai gona shi ke kiran gayya, shi ke dama fura, shi ke fara duƙawa a kan kunya, kuma gobe in an tashi zuwa gonarka da shi za a je. Iyayenmu kuma sun san wani aiki dabam a zamanin En'e, wanda dogari ke zuwa ya ƙirga majiya ƙarfi a kowane gari, a kora su gyaran hanya ko ɗaukar kayan Bature, ba shawara, ba godiya. Shi wannan sunansa aikin tilas. A duka biyun talaka ne ke zufa. Bambancinsu guda ne: a gayya kana da baki a cikin magana kuma kana da rabo a cikin amfani. Sai kowa ya dubi abin da ake yi mana a bakin kwata kowace damina, ya faɗa wa kansa wanne ne cikin biyun.

YADDA GARIN NAN YA SABA ZAMA DA RUWANSA

Jakara ta girmi kowace Gwamnati. A gefenta aka kafa Kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutane suka sani da Abdulkarim, da ya shigo Kano a 1851 ya tarad da ita fadama ce shimfiɗe ta ratsa tsakiyar birni. Shi ma bai yabi tsabtarta ba, saboda haka ba za mu yi ƙarya mu ce a da ruwan zuma ke gudu a cikinta ba. Amma tana da hanyarta, kuma tana da 'yan rakiya, watau kududdufai.

Mutanen da ba su yi karatun injiniya ba, amma duba abin da suka bar mana. Kowane gida da ƙasa aka gina shi, ganuwa ma haka, kuma duk inda aka haƙi ƙasa rami ya zauna. In aka sheƙa ruwa da dare, ramukan nan su ke fara shanye shi, su riƙe, sa'an nan su riƙa sakinsa a hankali, wani ya bi ƙasa ya cika rijiyoyin unguwa, wani ya gangara Jakara bayan ta rage. Kududdufi kamar randa yake ga gari. Kowa ya san abin da zai faru in ka fasa randunan gida ka bar tulu ɗaya ya tari ruwan indararo.

Ina kududdufan nan yau? Duk wanda ya haura shekara arba'in a birnin nan zai iya lissafa maka waɗanda ya sani yana yaro, cikin unguwanni da kuma bayan ganuwa, yanzu shaguna ne da gidajen mai da benaye a kansu. Shin mai tallan ƙosai ce ta cike su? Mai turin kura ne ya kawo tifa ɗari ta jar ƙasa? Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna, ta ce ya riƙe su amana domin jama'a, kuma filin cikin birni ba ya zama na mutum da takarda sai da sa hannu daga sama. Akwai hukumar tsara birni, KNUPDA, wadda sai da izninta ake aza tubali. Ashe kenan duk benen da ke tsaye a kan kududdufi ko a kan hanyar ruwa, ko dai wani ma'aikaci ya buga masa hatimi, ko kuwa ya gani ya kau da kai. Ba na uku.

Ku 'yan Kantin Kwari ba sai mun ba ku labari ba. Sunan kasuwarku ma ya faɗi inda take: kwari, inda ruwa ke gangarowa. A daminar 2022 ruwa ya shiga layukanku ya jiƙa dilolin atamfa da shadda da yadi na dukiya mai ɗimbin yawa, kuma ku da bakinku kuka nuna gine-ginen da aka dasa a kan magudanan kasuwa. Mai babban jari ya girgiza ya tashi. Yaron shago da ɗan tebur wanda ya karɓi kaya bashi, shi wa ya tambayi inda ya kwana? Sa'an nan a 2023 aka yi rusau a wurare da dama cikin gari. Wata Gwamnati ta yanka ta sayar, wata ta zo ta rushe, shi kuwa wanda ya tara kuɗinsa ya kama rumfa ya yi hasara sau biyu.

WANDA YA FI ZUBA DAUƊA

Za su ce mana ai talaka ne ke zuba shara a kwata. Akwai masu zubawa, kuma ba mu goyi bayansu ba. Ledar fiya-wata guda ba komai ba ce, amma ta mutum dubu ɗari tana toshe kwalbati kamar an yi mata ginin siminti. Sai dai a tambayi matar da ke lungun da mota ba ta shiga, wadda jujin unguwarsu an sayar da shi an yi shago, ina ake so ta kai sharar? Ta haɗiye? Ɗan kasuwa yana biyan kuɗin rumfa, yana biyan kuɗin shara, yana biyan harajin da shi kansa bai san sunansa ba, ga rasidai nan cike da aljihu. Akwai kuma hukumar kwashe shara, REMASAB, da aka kafa musamman domin wannan aiki. In an karɓi kuɗin shara a hannunka sa'an nan aka ce ka fito ka kwashe sharar da kanka, me ka saya da kuɗinka?

Wannan duk ƙaramar magana ce in aka gwada da ta masana'antu. Rafin Getsi yana ɗauko ruwan kamfanonin Bompai ya juye a Jakara. Na Sharaɗa da na Challawa suna gangarawa kogin Challawa. Kamfanonin jima suna aiki da wani sinadari mai suna kuromiyam, kuma malaman jami'a sun sha auna ruwan nan da ƙasar bakinsa suna samun irin waɗannan ƙarafa masu cutarwa. Ga kuma jini da tumbin abbatuwa. Shi irin wannan dafi shebur ba ya kwashe shi, ko da matasan Kano duka za su kwana cikin kwata.

Kada wanda ke zaune nesa ya ɗauka ya tsira. Da ruwan nan masu lambu ke ban ruwa a bakin Jakara, tun daga wajen Kwakwaci har ta fita gari ta faɗa madatsar Wasai a ƙasar Minjibir, inda masunta ke kamun kifi. Latas da kabeji da alayyafo da ake yankowa can, kasuwa suke zuwa, daga kasuwa sai tukunyar kowa. Mai lambu ba shi da laifi, ruwan da ya samu da shi yake nema wa iyalinsa abinci. Tun 2007 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NESREA domin ta tilasta bin dokokin muhalli, jiha kuma tana da Ma'aikatar Muhalli tata. Ran Asabar ɗin ƙarshen wata, in an hana fita domin tsabtace gari, mai shayin da ya kuskura ya hura wuta kafin lokaci nan take ake cin sa tara. Muna so mu ga wannan zafin nama a ƙofar kamfani.

RUFE KOGI BA GYARA BA NE

A zamanin Gwamnatin da ta yi mulki daga 2011 zuwa 2015 aka soma babban aikin nan da ake kira Wuju-Wuju, watau a ɗaure Jakara da kankare tun daga Kwarin Gogau, a shimfiɗa titi a bisanta. Aikin ya tsaya shekara da shekaru, mutanen da ke bakinsa suka zauna da rami da ƙarafuna da ruwa kwance a ƙofar gida. Ba mu ƙi titi ba, gari yana bukatar hanya. Amma a sani, in ka rufe kwata da murfi ba ka tsabtace ta ba, ɓoye ta ka yi, kuma ranar da ta toshe a ƙarƙashin kwalta ba saurayin da zai iya shiga da shebur.

Wasu sun riga mu bin wannan hanya, sun kuma dawo. A Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, akwai rafin da ya ratsa tsakiyar gari mai suna Cheonggyecheon. Ya ƙazantu, sai suka soma rufe shi da kankare a 1958, daga baya suka ɗora masa gadar sama. A 2003 suka sa katafila suka rushe gadar, suka buɗe rafin, a 2005 aka gama, ya zama wurin shan iska mai tsawon kusan kilomita shida. Manyanmu in sun je yawon buɗe ido hotonsa suke ɗaukowa. Abin da ba ya fita a hoto shi ne 'yan kasuwar wurin. Masu kasa kaya a bakin hanya aka kwashe su aka zuba a wani tsohon filin wasa, da aka tashi rushe filin aka sake tashinsu. Masu shaguna aka yi musu alkawarin sabuwar kasuwa can gefen gari, da aka gama ta da yawansu ba su iya kuɗinta ba, waɗanda suka shiga kuma suka rasa masu saye. Ruwa ya yi kyau, amma da jarin ƙananan 'yan kasuwa aka biya wani kashi na kyansa. Ku riƙe wannan, domin ranar da za a zo muku da zanen sabuwar Jakara mai fitilu da furanni.

Maƙwabtanmu na Gana sun ga mafi muni. Ran 3 ga Yuni 1915 ba mu ce ba, a'a, jiya-jiyan nan, ran 3 ga Yuni 2015, ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Akara, mutum fiye da 150 suka rasu. Kafin watan ya ƙare katafila ta shiga unguwar Old Fadama da ke bakin kogin Odaw ta rushe wani sashe nata, dubban mutane suka kwana a fili, galibinsu 'yan ci-rani daga arewacin ƙasar, har da mata masu dako a kasuwa. Akara kuwa ba ta daina ambaliya ba a damunan da suka biyo.

INDA AKA YI GAYYA TA GASKIYA

Domin kada a ce mu sai suka muka iya, ga inda abin ya yiwu, kuma ba a ƙasar masu arziki ba.

A birnin Karaci na Pakistan akwai wata ƙatuwar unguwar talakawa mai suna Orangi, wadda mutane suka gina da kansu, ba kwata, ba magudana, ƙazanta na gudu a tsakiyar lungu. A 1980 wani dattijo masani, Akhtar Hameed Khan, ya soma aiki da su. Bai zo da buhun kuɗi ba. Ya zo da masu awo da masu zane, suka rage tsadar aikin har ya zama talaka zai iya. Kowane lungu, gida ashirin zuwa arba'in, su taru su zaɓi mutum guda daga cikinsu, su tara kuɗi a hannunsa, su haƙa, su binne bututu, kowane gida ya haɗa masai da shi. Kuɗin bai taɓa barin lungu ba, saboda haka ba wanda ya ci. Ta haka gidaje fiye da dubu ɗari suka sami magudana, a kan kuɗin da bai kama ƙafar abin da ɗan kwangilar Gwamnati zai caza ba.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Tsarin nasu rabon aiki ne bayyananne. Abin da ke cikin gida da cikin lungu na jama'a ne. Babban bututun da zai tattara na lunguna, da wurin tace ruwan kafin a sake shi, wannan na hukuma ne, gama ya fi ƙarfin talaka. Inda hukuma ta yi nata, abu ya yi kyau. Inda ta yi nawa, lungu ya tsabtata amma dauɗar ta gangara cikin rafukan gari ta zauna. Ko a wurin da talaka ya yi iyakar ƙoƙarinsa, har ya sa kuɗinsa, kogi bai gyaru da hannu ɗaya ba.

Singafo kuma ta nuna yadda hukuma ke ɗaukar nata kason. A 1977 Firayim Ministansu, Lee Kuan Yew, ya ba ma'aikatansa shekara goma su tsabtace kogin birnin, a 1987 suka cika alkawari. Ba da lallami kaɗai aka yi ba, an tashi mutane, wasu ba da son ransu ba. Amma iyalai fiye da dubu ashirin da shida da aka tasa gidaje aka ba su, dubban masu sayar da abinci a bakin titi kuma sai da aka gina musu rumfuna masu famfo da magudana aka mai da su ciki. Masu kiwon alade da masu sana'o'in da ke zuba dauɗa su ma ba a ƙyale su ba. Aka sa rana, aka sa wanda za a tambaya in ranar ta zo.

ABIN DA ZA MU CE IN AN SAKE KIRANMU

Za mu fito, kamar yadda ƙungiyoyin aikin gayya na unguwanni suka saba fita tun ba a roƙe su ba. Lungunmu da layin kasuwarmu mun ɗauka, kuma wanda muka kama yana juye shara a kwata mu da kanmu za mu kai shi gaban mai unguwa ko shugabannin kasuwa. Amma kafin kowa ya naɗe wando, a faɗa mana ranar da tifa za ta zo da sunan ma'aikacin da za mu nema in ba ta zo ba. A ba samari takalman roba da safar hannu, gama kwalba da allura na cikin taɓon nan, kuma wanda ya ji ciwo a san wanda zai biya magani.

Sauran kududdufan da suka rage a ƙirga su, a auna su, a buga sunayensu a takarda, a kafa allo a bakin kowanne cewa ba na sayarwa ba ne. Mai unguwa da dattawan wurin su riƙe kwafin takardar. Wannan ba ya cin kuɗi, sa hannu kawai yake ci, kuma shi ne zai nuna mana ko da gaske ake.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ba a so a taɓa. Tun 1981 akwai asusu na musamman a Tarayya domin ambaliya da zaizayar ƙasa da makamantansu, jihohi da ƙananan hukumomi suna da kaso a ciki. Ga kuma abin da ake warewa a kasafin kuɗi kowace shekara domin magudanan ruwa. Abokin tarayya a kasuwa, in da gaske abokin tarayya ne, yana ganin littafi. Duk kwamitin da za a kafa a kan Jakara a sa wakilan Kurmi da Kwari da Sabon Gari da masu lambu da masunta da matan unguwannin bakin ruwa, waɗanda mutanensu suka zaɓa, ba waɗanda aka zaɓo musu daga ofis ba. A karanta musu nawa aka bayar, wa aka ba kwangila, kwana nawa ya ɗiba. A auna ruwan da ke fita daga kowane kamfani a faɗi sakamako a rediyon nan da ake kiranmu yasa da ita.

In kuwa gyara ya kai ga dole sai an tashi wani, to a soma da benen da ke kan hanyar ruwa kafin a zo kan rumfar zana, a binciko kuma wanda ya sa hannu aka gina shi. Talakan da ya zauna a bakin rafi don ba shi da wurin zuwa, da ɗan kasuwar da ya sayi rumfa da takardar hukuma a hannunsa, a gina musu madadi tukuna, a wurin da ciniki ke zuwa, su gani da idonsu, sa'an nan katafila ta taso.

Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, kada ku jira sai hadari ya haɗu. Ku kira taro tun da rani, kowane layi ya zagaya ya rubuta inda kwatarsa ta toshe da ginin da ya tare ta, ku haɗa da rasidan kuɗin shara na shekara guda, ku kai wa kansila da ɗan majalisarku a rubuce, ku karɓi sa hannunsu da kwanan wata a kan kwafinku.